Layin karɓar kira: yaya za a hana mai kira gane wanda ya ɗaga?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar waya. Wata ƙungiya ce ke son buɗe layin da mutane za su riƙa kira suna faɗin damuwarsu. Masu ɗaga wayar 'yan sa kai ne su shida, yawancinsu mata, kuma kowacce daga inda take za ta amsa, ba ofis ɗaya za su zauna ba. Abin da ake tsoro shi ne cikin masu kiran ba za a rasa wanda zai so ya san wace ce ta amsa masa ba, ko don ya dame ta daga baya, ko kuma shi ne ma wanda aka kawo ƙararsa.

Duk bayanin da ake samu na ɓoye lambar mai kira ne, a danna #31# kafin lamba da makamantansu. Mu na mai ɗagawa muke nema. Idan aka sayi layi ɗaya aka riƙa karkatar da kiransa zuwa wayar wadda ke bakin aiki, mai kira zai iya ganin lambarta? Idan ba a ɗaga ba, yaya za a yi da saƙon murya? Idan kuma ya zama dole a sake kiran mutum, ta wace hanya? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Injiniyan_Layi

Wa alaikumus salam Malama. Hanya biyu ce a gabanku, kuma bambancinsu babba ne.

Ta farko ita ce wadda kika ambata. A wayar da ke ɗauke da layin ƙungiya sai a danna **21* sai lambar mai aiki sai #, a kira. Duk kiran da ya shigo zai wuce can. *#21# yana nuna inda aka karkatar, ##002# kuma yana goge duk wata karkatarwa. Tana da sauƙi, amma ban ba ku shawararta ba. Kiran mutumin yana zuwa ne kai tsaye har layin 'yar sa kai, kamfanin layi ne kawai ya juya shi a hanya. Wayoyi da yawa ma sukan rubuta wa mai kira cewa ana karkatar da kiransa. Akwai kuma wata hidima a tsarin GSM mai suna COLP da ke nuna wa mai kira lambar da ta amsa a zahiri. Kishiyarta COLR ita ke hana hakan, ana duba ta da *#77#, sai dai ba kowane kamfani ke bayar da ita ba. Ga shi kuma kuɗin ɓangare na biyu na kiran daga layin ƙungiya ake cira, ranar da kati ya ƙare karkatarwar ta tsaya.

Ta biyu ita ce a karɓi lambar intanet daga kamfanin VoIP, wato mai hidimar kiran waya ta intanet, da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ba. Bari in kira ta lambar tsakiya. A nan kira biyu ne daban: mai kira ya kira lambar tsakiya, ita kuma sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke sarrafa kiran, ta kira 'yar sa kai, sannan ta haɗa su. Babu lokacin da layin mai kira ya taɓa nata. Wannan ita ce hanyar da kamfanonin tasi na manhaja irin su Uber ke bi su haɗa direba da fasinja ba tare da kowa ya ga lambar ɗan'uwansa ba.

To amma ko da lambar tsakiya, ba a lokacin da aka ɗaga ake tonuwa ba. Sai lokacin da ba a ɗaga ba. Ki ɗauka wayar mai aiki ta mutu saboda caji. Saba ta kira ta, sai akwatin saƙon muryarta na kanta ya amsa. A wajen saba wannan amsawa ce, don haka sai ta haɗa. Mai kira zai ji muryarta tana faɗin sunanta, ko kuma ya ji muryar na'ura tana karanto masa lambarta ɗaya bayan ɗaya, domin gaisuwar da kamfanoni da dama ke sakawa tun asali lambar take karantawa. An gudu ba a tsira ba.

Hanya uku kira ke faɗawa wannan akwatin. Akwai rashin ɗagawa, lambarsa 61. Akwai rashin samun layi, 62. Akwai kuma layi na kan wani kiran, 67, kuma a nan ne kiran ke faɗawa idan ta danna jan madanni ta katse. Kowacce ta duba nata da *#61#, *#62# da *#67#.

Na rashin ɗagawa ana maganinsa da lokaci. *#61# zai nuna lambar akwatin da daƙiƙun da ake jira. Sai ta ƙara su zuwa ƙarshe: **61* sai lambar akwatin sai **30#. Daga 5 zuwa 30 ake iya sawa, biyar-biyar. A sabar kuma a sa ta daina kira bayan daƙiƙa 20, ta wuce ga mutum na gaba ko akwatin ƙungiya. Kin ga saba ta janye kafin akwatin mutum ya kai ga amsawa.

Sauran biyun lokaci ba ya yi musu komai, domin nan take suke amsawa. Za a iya kashe su duka da ##004#, amma wasu kamfanonin sukan mayar da su da kansu, wasu kuma ba sa yarda a kashe sai an kira su. Sannan tun daga iOS 17 na 2023, a ƙasashen da abin ke aiki, iPhone na iya amsa kira da kanta ta ɗauki saƙo tana rubuta shi a fuskar waya. Wannan a cikin wayar yake faruwa, lambar da kika danna ba ta shafe shi ba, sai an shiga saiti an kashe.

Saboda haka abin da na fi dogara da shi shi ne tabbatarwa da madanni. Idan aka ɗaga, saba ba za ta haɗa ba tukuna. Za ta ce wa mai ɗagawa kira ne daga layin taimako, danna 1 ki karɓa. Shi mai kira ringin kawai yake ji. Akwatin saƙo ba shi da yatsa, don haka in ba a danna ba cikin daƙiƙa 8 ko 10, saba ta yanke wannan ɓangaren. A manhajar sabar waya ta FreePBX sunan saitin Confirm Calls, a kamfanin Twilio ana haɗa shi da Gather a kan lambar da ake kira, sauran kamfanoni kowa da sunan da ya ba shi. Duk kamfanin da ba shi da wannan, ku wuce shi.

Yar_Sadarwa

Injiniya ya gama da shigowar kira. Ni kan tambaya ta uku zan tsaya, domin a nan ne masu hankali ma ke yin kuskure.

Kada a taɓa mayar da kira daga layin mutum, ko da an sa #31#. Wannan lambar ba ta cire lambarki daga kiran, alama ce kawai take maƙalawa cewa kada a nuna. Kamfanonin da kiran ya ratsa duk suna ganinta, layukan gaggawa suna ganinta, a Amurka ma masu lambobin kira kyauta sukan samu lambar mai kira ko ya ɓoye. Wannan ke nan in an tuna an danna. Mutum ya gaji da dare, ya ga kiran da ya rasa, ya taɓa shi da yatsa, shi ke nan. Kira ya fita ta manhajar kamfanin lambar tsakiya, yadda lambar ƙungiya ce za ta bayyana.

Daga nan sai wani saiti da ya kamata a yanke shawara a kansa tun ranar farko: wace lamba za ta fito a wayar 'yar sa kai idan kira ya shigo, ta mai kira ko ta ƙungiya? Ku zaɓi ta ƙungiya. Dalili shi ne idan ta mai kira ce ke fitowa, wayar tana da hanyoyin da za ta tuntuɓe shi da kanta. Akwai madannin nan na katse kira da saƙo, mai cewa ina cikin taro zan kira ka. Tes ne yake fita daga layinta zuwa lambar da ke kan fuskar waya, kuma #31# ba ya aiki a kan tes ko kaɗan. Akwai amsar da wasu wayoyi ke turawa da kansu idan ana tuƙi. Akwai kuma saƙon da wasu kamfanoni ke aika wa mai kira cewa lamba kaza da ka nema ta dawo kan layi. Idan lambar ƙungiya ce a wurin, duk waɗannan sai su koma gida.

Amfani na biyu, lambar mai kira ba za ta zauna a wayar kowa ba. Kada a adana ta a jerin lambobi. Manhajojin sada zumunta da aka ba izinin karanta jerin suna kwasar sa, kuma da irin wannan suke haɗa shawarar mutanen da wataƙila ka sani. Ba a son hoton 'yar sa kai ya bayyana wa mai kira ta wannan ƙofar.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan lamba guda? Domin lamba a yau suna ce. Wanda ya same ta zai adana ta ya buɗe WhatsApp ko Telegram ya ga hoto. Zai sa ta a Truecaller ko Getcontact ya ga sunan da wasu suka ba ta. Zai sa ta a manhajar tura kuɗi, da yawansu suna nuna cikakken sunan mai asusu kafin a tura ko sisi. A watan Afrilun 2021 an watsa bayanan masu amfani da Facebook kimanin miliyan 533 tare da lambobin wayarsu, kuma abin da ya fita irin haka ba ya komawa. Don haka ko ba a tonu ba, kowacce cikin shidan ta rufe hotonta da bayaninta na WhatsApp ga baƙi, ta hana a nemo ta da lamba a Telegram, ta kuma cire lambarta daga Truecaller. Akwai shafin cirewa, amma mai asusu sai ta fara rufe asusun kafin ya karɓa.

Ita kanta lambar ƙungiya a riƙa duba ta a waɗannan manhajoji duk wata. Wani na iya adana ta da sunan wadda ya san tana aiki a wurin, sunan ya bi lambar.

Mai_Neman_Sani

Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Malama. Maganar tes ɗin da waya ke turawa da kanta ba ta taɓa zo mana a rai ba. Saura batun akwatin saƙon ƙungiyar shi kansa. Wa zai yi gaisuwar, wa zai saurara, kuma ta yaya? Sannan idan ba a samu lambar intanet ba, a saya wa kowacce layi na biyu na aiki kawai, ya wadatar?

Malam_Tsaro

Malama, akwatin saƙo yana tona mutum ta baki biyu: abin da yake faɗa wa mai kira, da abin da yake ba wanda ya fasa shi.

Gaisuwa tukuna. Kada kowa cikin masu amsawa ya yi ta da muryarsa. Gaisuwa ana iya kiranta sau ɗari a saurara a natse, a naɗa, a kunna wa wani a tambaye shi ko ya san muryar nan. A yi amfani da muryar kwamfuta, ko muryar wanda ba ya cikin aikin kuma ya amince. Abin da za a faɗa kaɗan ne: sunan layin, lokutan da ake amsawa, da roƙon mai kira ya faɗi ko babu haɗari a sake kiransa da lokacin da ya dace. Kada a ce wance ba ta nan, kada a ce za ta dawo ranar kaza. A lura akwati kan ɗauki gaisuwa fiye da ɗaya, akwai ta rashin ɗagawa, akwai ta layi na aiki, akwai kuma gurbin suna daban. Mutane sukan canza ɗaya su manta da sauran. Duk wanda aka bari fanko, na'ura za ta cike shi da nata, wanda sau da yawa lambar reshen mutum ce, wato lambar cikin gida da tsarin ke ba kowane ma'aikaci. Idan tsarin yana da kundin neman ma'aikaci da haruffan suna, a kashe shi. Akwati ɗaya na kowa ya fi shida, domin shida suna gaya wa mai bincike yawanku.

Fasa akwati kuwa tsohon aiki ne kuma har yau yana ci. Jaridar News of the World ta Ingila an rufe ta a watan Yulin 2011 saboda sauraren saƙonnin muryar mutane, kuma yawancin aikin bai wuce kiran akwati daga wata waya a gwada lambar sirrin da kamfani ya saka tun asali ba. 0000, 1234, ko lambobi huɗun ƙarshe na layin. A Burazil a 2019 an shiga asusun Telegram na manyan jami'ai, har da ministan shari'a na lokacin Sergio Moro, ta akwatin saƙo. An nemi a turo lambar shiga ta kiran murya, ta faɗa akwati, su kuma suka kira akwatin da lambar bogi mai kama da ta mai layin, ya buɗe musu ba tare da tambayar komai ba. Darasin a nan shi ne akwatin da ya yarda da kai don kawai ya ga lambarka ba shi da ƙofa, tunda lambar mai kira abu ne da ake iya ƙirƙira.

Ga abin da za a yi. A sa lambar sirri mai tsawon da tsarin ya yarda da shi, in ya kai 8 ko fiye, a kai. A sa ya riƙa tambayarta ko daga layin kansa aka kira. A kashe damar sauraro daga wata waya gaba ɗaya in ba a buƙata. A sa ya kulle bayan kuskure uku. Duk ranar da wani ya bar aikin a canza. Idan lambar ƙungiya tana da WhatsApp, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambobinta shida, don kada a sace asusun ta hanyar da aka bi a Burazil a ga duk wanda ke ciki.

Sauraro ya zama ta shafin kamfanin, kowa da sunan shigarsa na aiki, ba sunan gaskiya ba. Tura saƙon murya zuwa imel yana da daɗi, amma ina ƙinsa a irin wannan aiki. Kwafi ne ke yawo a wayoyi shida da sabar imel, kuma wata rana wani zai danna turawa daga adireshinsa na kansa. In dole ne, imel ɗin ya ce akwai sabon saƙo kawai, ba tare da sautin ba. Haka hidimar mayar da murya rubutu, galibi wani kamfanin na uku ake aika wa sautin, a tambaya kafin a kunna. A yanke wa saƙonni wa'adi, misali kwana 30, a sa su riƙa goguwa da kansu.

Mai_Saba

Ranka ya daɗe Injiniya, ina da ƙari a kan maganarka cewa mai kira ringin kawai yake ji. Haka ne in an saita, amma ba haka kowane tsari yake zuwa ba, kuma ringin ɗin kansa yana magana.

A SIP, wato tsarin da sabobin kiran intanet ke magana da juna da shi, kafin a ɗaga, ɗaya ɓangaren na iya turo sauti da saƙon 183. Saba da yawa suna miƙa wa mai kira wannan sautin yadda ya zo. To me ke cikinsa? Waƙar da 'yar sa kai ta saya masu kiranta su riƙa ji, wadda duk wanda ya taɓa kiranta ya sani. Sanarwar kamfaninta cewa wayar a kashe take, da harshen ƙasar da sunan kamfanin. Ko ringin zalla ma yana nuna ƙasa. A Amurka da Kanada daƙiƙa 2 ne na ƙara da 4 na shiru, a Ingila bugu biyu ne a jere sannan shiru, a yawancin Turai sauti ɗaya ne mai 425 Hz. Wadda ta yi tafiya, kunne mai lura zai gane. Tabbatarwa da madanni ba ta toshe wannan, domin duk kafin amsawa yake faruwa.

Maganin shi ne saba ta yi nata ringin. A manhajar sabar waya ta Asterisk harafin r ne a cikin umarnin Dial, yana hana kowane sauti wucewa sai an amsa. Harafin m kuma kiɗan jira yake sawa a madadinsa. A ƙara babban harafi I, wanda ke sa a yi watsi da duk sanarwar da ɓangaren da aka kira ya turo game da lambar da ta amsa ko inda aka karkatar. In ba haka ba lambar na iya komawa baya a cikin bayanan da ke tafiya da kira masu suna P-Asserted-Identity ko Remote-Party-ID, wayoyin tebur na ofis kuma suna rubuta ta ɓaro-ɓaro da zarar an ɗaga. A duba Diversion da History-Info su ma. Kada kuma a karkatar da kira da amsar 302, domin ma'anarta ita ce gaya wa ɓangaren mai kira sabon adireshin ya je da kansa.

Idan ta manhaja ake amsawa ba ta layi ba, sai batun adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. A sa direct_media=no domin sauti ya bi ta saba, kada na'urori biyun su yi magana kai tsaye. Adireshin IP ba ya ba da lambar gida, amma yana ba da kamfanin intanet da yankin da mutum yake, wani lokacin ya isa. Wannan matsalar tana nan a kiran WhatsApp, Signal da Telegram. WhatsApp ya ƙara saitin kare IP a kira a ƙarshen 2023, Signal yana da na bi da kowane kira ta sabarsa, Telegram kuma ana iya hana shi haɗin kai tsaye. Murya kan ɗan rage kyau, amma ba abin damuwa ba ne. Signal tun 2024 yana ba da sunan shiga da za a ba mutum a maimakon lamba, ko da yake rajista har yanzu da lamba ake yi.

Abu biyu kan madannin tabbatarwa. Idan ana danna 1 saba ba ta ji, kusan kullum saɓani ne kan yadda ake aika sautin madanni tsakaninku da kamfanin, a daidaita duka biyun a kan ƙa'idar RFC 4733. Sannan a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON na 2018 an nuna cewa ana iya naɗa sautin madanni a cikin gaisuwar akwati ya yaudari irin wannan tambayar. A naku yanayin sai wani ya riga ya shiga akwatin mutum kafin hakan ta yiwu, amma dalili ne na kada a bar akwatinta na kanta da 1234 don an dogara da madanni.

Injiniyan_Layi

Gyaranka daidai ne Malam, waƙar kira na manta da ita gaba ɗaya.

Malama, kan layi na biyu. Ya fi layin mutum nesa ba kusa ba, kuma idan ya tonu ana jefar da shi. Amma sai da sharuɗɗa. A yi rajistarsa da sunan ƙungiya inda doka ta yarda, domin ƙasashe da yawa suna ɗaure kowane layi da katin shaida. A sa shi a waya daban, ba gurbi na biyu na wayarta ba, don waya mai layi biyu ita ke zaɓar layin da kira ko tes zai fita, kuma tana kuskure. Kada a buɗe asusun banki ko na sada zumunta da shi, kada a kira dangi da shi ko sau ɗaya, don da zarar sun adana shi da sunanta ya shiga rumbunan da Malama Yar_Sadarwa ta ambata. Kuma ko da wannan, kada a ba jama'a lambobin shida, a ba su ɗaya.

Kafin a buɗe layin ku yi gwaji da wayar da babu wanda ya adana lambarta. A kira a bar shi ya yi ringin har ya gaji. A kira wayar mai aiki tana kashe. A kira tana yanayin jirgin sama. A kira tana kan wani kiran. A kira ta katse da ja, a sake ta katse da saƙo. A kira ta ɗaga ba ta danna 1 ba. A kowanne a rubuta abin da aka ji, abin da fuskar waya ta nuna, da duk tes ɗin da ya shigo har zuwa washegari, domin wasu sanarwar sai wayar ta dawo kan layi suke fita. A yi wa kowace waya cikin shidan daban, tunda kamfanoninsu ba ɗaya ba ne. A maimaita duk lokacin da wata ta canza waya ko layi, ko aka sabunta manhajar wayar.

Ki kuma sani duk wannan daga mai kira yake ɓoye ku. Kamfanin lambar tsakiya yana da rajistar kowane kira da lambar da aka tura wa, kuma zai ba hukuma in kotu ta umarta. Shafin da ke nuna wannan rajistar mutum ɗaya ko biyu kawai su riƙe mabuɗinsa, da tabbatarwa mai mataki biyu.

Yar_Sadarwa

Saura abin da saiti ba ya gyarawa. Kowacce ta zaɓi sunan aiki ta riƙe shi, wanda bai yi kama da nata ko na 'ya'yanta ba, kuma abokan aiki ma da shi za su riƙa kiranta, har a saƙonnin da suke yi wa juna. A amsa a ɗaki mai ƙofa a rufe, da abin kunne mai makirufo kusa da baki. Makirufon lasifika yana kwasar komai, har yaron da ya leƙo ya kira ta da sunan da ake kiranta a gida. Jadawalin aiki kada ya zama wance kullum ranar kaza da dare, a riƙa juya shi. Mai neman wata takamaimiya yakan zo da dabara, ya ce wadda muka yi magana jiya ta ce in nemi lambarta, ko ya ce shi ɗan'uwanta ne akwai gaggawa. Amsa ɗaya ce kowa zai bayar: ba ma tabbatar da wanda ke aiki a nan, bar saƙo za a duba. Kada a ce ba ta nan yau, wannan ya riga ya tabbatar tana nan wata rana.

Sannan a sa biyan kuɗin lambar ya riƙa sabunta kansa, a kuma sa mutum biyu su riƙa samun sanarwar ƙarewarsa. Lambar da aka bari ta mutu kamfani kan sake ba wani bayan ɗan lokaci, masu kira kuma za su ci gaba da bar masa saƙo suna ambaton sunayen aikin waɗanda suka saba magana da su. Ko an yanke shawarar rufe layin, a riƙe lambar na wasu watanni da gaisuwa mai cewa an rufe, a kashe ɗaukar saƙo.

Mai_Neman_Sani

Allah ya ƙara basira, ya saka muku da alheri baki ɗaya. Za a fara da neman kamfanin da ke da madannin tabbatarwa da nasa ringin. Malam Mai_Saba, idan kamfanin ne ke riƙe da sabar ba mu ba, ta yaya za mu san sun toshe sautin nan na kafin ɗagawa?

Mai_Saba

Da kunne za ku sani, Malama. A sa wa ɗaya daga layukan waƙar kira na kwana ɗaya, a kira lambar tsakiya daga wata waya. In kun ji waƙar, sautin yana wucewa. Sai a kashe wayar a sake kira, a saurari ko sanarwar kamfanin layinta za ta fito. In ɗaya ya fito, a tambaye su saitin da ke sa su amsa kiran da kansu tun farko su sa kiɗan jira. Illarsa ita ce kuɗin mai kira zai fara tafiya daga lokacin da kiɗan ya fara, ko ba a kai ga ɗagawa ba, don haka a rage jiran kowace waya zuwa daƙiƙa 15 in za a bi su ɗaya bayan ɗaya, ko a sa wayoyin masu aiki biyu su yi ringin tare.